Yadda na yi digiri na biyu a kan otizim daga tsakar gidanmu

Halifa yana da shekara huɗu da wata bakwai ranar da likitan yara ya rubuta mana sunan lalurarsa a bayan kati. Kafin nan mun sha yawo, don ba ya magana kamar sa'o'insa, ba ya kuma amsa sunansa. An ce kurma ne, aka gwada kunne aka ga lafiya lau. An ce a kai shi wanzami ya duba ƙasan harshensa. An ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu har jarka biyu. Likitan ya yi mana bayani na kamar minti goma, don layin da ke bayanmu ya kai baranda, ya ce mu nemi mai koyar da magana. Na fito da kalma ɗaya rak a hannuna, otizim, lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da hulɗa da mutane, amma a lokacin ban san kanta ba balle gindinta.

Ni malamar firamare ce a Kano, a lokacin shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli, ina kuma da digiri a fannin ilimi. Duk da haka ɗan da na haifa ya gagare ni karantawa. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ƙanena da ke aikin jinya a Ingila shi ya fara yi mini maganar karatun. Ya ce jami'o'i irin su Birmingham da Sheffield Hallam da Kent, da Strathclyde da ke Glasgow, suna da karatun gaba da digiri a kan otizim zalla, wasu ana yin su ta intanet, wasu kuma sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa iyaye da masu reno da masu lalurar kansu za su iya nema, ba sai ma'aikata ba. Na duba gida tukuna. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, Jos ma haka, ga kwalejin da ke Oyo. Amma a can otizim reshe ne a cikin babbar bishiya, tare da ilimin makafi da na kurame, ni kuwa reshen kaɗai nake nema, kuma ba ni da inda zan ajiye Halifa in tafi aji.

Tsarin jami'o'in Birtaniya hawa uku ne. Kiredit 60 satifiket, 120 babbar difloma, 180 digiri na biyu, kuma kana iya sauka a kowane hawa a ba ka takardarsa. A lissafinsu kowane kiredit awa goma ne na karatu, wato satifiket kaɗai awa 600. Na zauna da Baban Ummi muka raba awa 600 a kan makonnin shekara, ya dube ni ya ce, "Malama, a ina za ki samo su?" Na ce a cikin barcina.

Neman gurbin karatun ta intanet a can bai yi wuya ba in ban da abu ɗaya. Sun karɓi sakamakon Turancina na WAEC, shugaban makarantarmu da wani tsohon malamina suka rubuta mini takardun shaida, na rubuta shafi guda a kan dalilin da ya sa nake so. Takardar sakamakon digirina ta shekara-shekara ce ta ci wata uku a jami'ar da na gama. Yau a ce fayil ya ɓace, gobe a ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Kuɗin kuwa filin gadona na sayar, ƙanena ya cika. Na fara a watan Satumban 2022.

Makon farko aka sa mu gabatar da kanmu a rubuce. Mu wajen talatin ne: malaman makaranta, masu koyar da magana, ma'aikatan jinya, iyaye mata huɗu, da mutum uku da suka ce su da kansu masu otizim ne. Nan na tsaya na sake karantawa. Ɗayansu magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana aikin kwamfuta, sai da ya haura arba'in aka gano. A kaina a lokacin otizim Halifa ne, yaron da ba ya amsa sunansa. Ban taɓa kawo wa raina cewa zan zauna aji ɗaya da mai lalurar yana gyara mini fahimta ba.

Darasin tarihi ne ya fara girgiza ni. A 1943 Leo Kanner ya bayyana yara 11 a Baltimore ta Amurka, a 1944 Hans Asperger ya yi nasa rubutun a Biyana, kuma kafin su duka wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta riga ta bayyana irin yaran tun 1925. Wannan duk haddar suna da shekara ce. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ya biyo baya. Shekara da shekaru masana a Amurka da Turai suna ɗora laifin a kan uwa, wai sanyin zuciyarta ne ya sa yaro ya rufe kansa, har suka laƙaba mata suna uwar firji. Bruno Bettelheim ya fi kowa yaɗa wannan. Na karanta shafin ina zaune a kan tabarma da fitilar waya, na tuna duk abin da aka faɗa mini. Don na koma aiki yana wata huɗu ne. Don na fita da magariba ina da cikinsa ne. Don na bar shi gaban talabijin ne. Ashe ko'ina ka je a duniya, idan an rasa amsa, uwa ake kamawa. Waɗanda suka rushe zancen kuma da yawansu iyaye ne. Bernard Rimland uba ne ga yaro mai otizim, a 1964 ya kafa hujja cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake. Lorna Wing uwa ce ga yarinya mai lalurar, tana cikin iyayen da suka kafa ƙungiyar otizim ta Birtaniya a 1962, ita ce kuma tare da Judith Gould suka yi binciken unguwar Camberwell ta Landan a 1979 wanda ya nuna cewa abin launi-launi ne, wani ba ya magana sam, wani kuma ba ya gajiya da ita. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bi tagwaye haihuwa 21, suka nuna gado yana da hannu babba. Na yi kuka a daren nan, kukan da na daɗe ina bin kaina bashi.

Zancen rigakafi ma mun yi shi. Ƙanwar maigidana ta daɗe tana cewa allurar da aka yi masa ce, kuma ban ga laifinta ba, don duk wanda ya yi wayo a Kano ya tuna 2003 lokacin da aka dakatar da ɗigon foliyo har zuwa 2004. Turawa ma suna da nasu. A 1998 Andrew Wakefield ya buga rahoto a mujallar Lancet a kan yara 12 yana danganta allurar ƙyanda da otizim. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke lasisinsa na likita. Daga baya an bi yara sama da 650,000 a Denmark ba a ga wata alaƙa ba. Na faɗa mata haka. Ta ce to Allah Ya kyauta, ta canza hira.

Aikin rubutuna na farko kalma 4,000 ne, na samu 52, cin kuwa daga 50 yake farawa. Malamar da ta duba ta rubuta cewa na iya kwaso abin da masana suka faɗa, amma ba ta ji inda na yi musu gardama ba. Na kwana biyu ina fushi. Mu da aka raina a kan cewa ɗalibi ba ya ja da malami, yanzu a ce sai na ja da farfesa kafin a ba ni maki? Sai da ta kira ni ta Zoom ta ce, "Akwai abin da kika karanta wanda kika san bai dace da gidanku ba?" Na ce akwai kam.

Ga shi. Takardar tantance ƙananan yara da ake kira M-CHAT-R, ta 'yan wata 16 zuwa 30, tambaya 20 ce, ɗaya tana tambaya ko yaro yana kallon idonka in kana masa magana. A Ingila rashin haɗa ido alama ce da ke tayar da hankalin uwa. A gidanmu kuwa Hajiya, mahaifiyar maigidana, yabon Halifa take yi a kan haka. "Wannan miji nawa akwai kunya," in ji ta, "ba ya ɗaga ido ya kalli babba, ba kamar 'yan zamani ba." Yaron da ya zauna shiru a lungu yana jera marafan kwalba ana ce masa mai haƙuri. Wanda ya yi jinkirin magana a ce ai babansa ma sai da ya shekara uku. Alamun suna nan, tarbiyyarmu ce take lulluɓe su da sunaye masu daɗi har lokaci ya ƙure. Na rubuta wannan a aiki na biyu na samu 66. Daga nan na gane abin da zan kai ajin wanda babu mai shi sai ni.

Kada in manta da azumin 2023. Muna haɗuwa kai tsaye ƙarfe bakwai na yammacin Ingila, wato takwas a Kano, na saba. Ban san suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris ba, daga nan lokacinmu da nasu ya zama ɗaya har Oktoba. Na sha ruwa, na yi sallah, na kwashe kwanuka, na kunna kwamfuta ƙarfe takwas na tarar ana sallama. Sauran makonnin azumin da kofin kunu a gefe na yi su, kyamara a kashe.

Aikin da ya canza gidanmu shi ne na lura. An ce mu zaɓi mutum ɗaya, da izinin iyalinsa, mu ɗauki hali ɗaya da ke damun mutane, mu yi mako biyu muna rubuta abu uku: me ya faru kafin, me ya yi, me ya biyo baya. An hana mu rubuta dalili. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji kawai, da lokaci. Na zaɓi ihun Halifa, wanda yakan tashi ba zato ya toshe kunne ya riƙa buga kansa da bango. Mun daɗe da yanke cewa ba shi da dalili, shi ya sa ma aka ce iska. Na ja layi uku a littafi mai shafi arba'in, ranakun da nake makaranta 'yata Ummi ce take cikewa, tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Kwana na tara na jera shafukan a kan gado. Asabar goma da kwata. Lahadi goma saura. Talata biyar na yamma. A layin farko rubutun Ummi ya maimaita abu ɗaya har sau huɗu: "an kunna inji." Injin markaɗen maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba mu. Shekara takwas ina gidan, kunnena ya daina jin sa kwata-kwata.

Na kai maganar aji, magidancin nan mai aikin kwamfuta ya amsa mini. Ya ce shi ƙarar firji a kanti ji yake kamar ana huda masa haƙori, kuma abin da ya fi ƙarar muni shi ne rashin sanin yaushe za ta fara. Ya ce kada in nemi a kashe injin, in nemi a sanar da yaron. Hajiya ce ta ɗauki mayafi ta shiga gidan da kanta. Tun daga ranar yaron mai injin yake ƙwanƙwasa mana ƙofa kafin ya ja igiya, Ummi ta nuna wa Halifa hoton injin, ta sa masa abin toshe kunne irin na masu aikin katako da muka sayo a Sabon Gari. Ihun bai ƙare duka ba, amma bangon ya huta.

A makon ne aka ba mu rubutun Damian Milton na 2012, shi ma mai otizim ne. Ya ce an daɗe ana cewa masu otizim ba sa fahimtar mutane, alhali su mutanen ma ba sa fahimtarsu, gazawar ta ɓangare biyu ce. Da a makon farko na karanta shi da na ce surutun masana ne. Da littafin Ummi a hannuna ban iya musu ba.

Haka ma maganarsa. Halifa ba ya haɗa zance nasa, sai dai ya maimaita abin da ya ji, tallar rediyo, kiran mai gwanjo, ƙananan surori da yake ɗauka daga islamiyyar bayan gida ba tare da kuskuren wasali ba. Mun ɗauka aku ne kawai. Binciken Barry Prizant na farkon shekarun 1980 ya nuna cewa irin wannan maimaici yakan ɗauki saƙo. Na koma na saurara. Duk sanda babansa ya dawo daga kasuwa, Halifa yakan yi tsalle yana kaɗa hannu ya ce, "An kawo wuta!" Da can dariya muke yi muna gyara masa. Ashe shi a wurinsa wannan ce jimlar da yaran unguwa suke faɗa in murna ta kama su gaba ɗaya. Da na gaya wa Baban Ummi, ya tashi ya shiga ɗaki, ya jima bai fito ba.

Katunan hoto da aka koya mana, tsarin PECS na miƙa hoton abin da yaro yake so, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fara a 1985, sun zo da hoton gasasshen burodi da bahon wanka da masai na zama. Na ajiye su. Na ɗauki hoton butarsa, da kofin kokonsa, da ƙosai, da tabarma, da adaidaita sahu, aka buga mini a shagon kwamfuta aka manne da leda.

Sai kuɗi suka so tsayar da ni. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da banki ke bayarwa wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin filin da na lissafa zai kai ni ƙarshe ya tsaya a tsakiyar hanya. Takardar neman canji ta banki ta kwanta wata biyu ba amsa. Na rubuta wa jami'ar zan sauka a satifiket. Ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, kada ki soma." Ya ƙara aikin dare, na sayar da sarƙar lefena, muka riƙa biya kwas-kwas.

Shekara ta biyu ita ta fi gundurata, gaskiya. Mako bayan mako ana bayanin dokar otizim ta Ingila ta 2009, da takardar tsarin ilimi da lafiya da ƙaramar hukuma ke rubuta wa yaro a ƙarƙashin dokar 2014, da yadda uwa za ta kai ƙara in an hana ɗanta mataimaki a aji. Abokan karatuna suna kukan jiran layin tantancewa, ni ina da yara 70 a aji ɗaya da fanka ɗaya da ba ta juyawa. Muna da dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, na karanta ta daga farko har ƙarshe saboda wani aiki, na kuma san nisan da ke tsakaninta da ƙofar ajina. Na ci jarrabawar dai.

Kundin bincike, kalma 15,000, na yi shi a kan iyaye mata shida a Kano da hanyar da suka bi kafin su ji sunan lalurar. Rubuce-rubucen da na samu a kan Najeriya yawanci daga kudu suke, musamman na likitan ƙwaƙwalwa Muideen Bakare da abokan aikinsa a Inugu. Kafin in yi wa kowa tambaya ɗaya sai da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma sau uku takardata tana dawowa. Suna son sa hannu, na ce matar da ba ta yi boko ba in ka miƙa mata takarda da biro ta gama tsorata, aka yarda da amincewar baki a naɗe. Suna son amincewar matar ita kaɗai, na ce ba na shiga gidan mutum ban yi sallama da maigidan ba, muka daidaita a kan izinin shiga daga gare shi, amincewa daga gare ta, kuma ba ya zama a wurin hirar. Suka tambaya ko sabulu da omo da zan kai ba sayen baki ba ne, na yi shafi guda ina bayanin cewa ba a zuwa gidan mai jinya hannu rabbana. Tambaya ɗaya ce tasu ta kama ni da gaske: in na tarar ana cutar da yaro, wa zan gaya wa? Na yi kwanaki kafin in samo amsar da ni kaina na yarda da ita.

Sai matsalar suna. A rediyo galahanga ake cewa, amma a bakin mutane kalmar jakar magori ce, duk yaron da ƙwaƙwalwarsa ta bambanta a ciki ake zuba shi, kuma tana da ɗaci. Uwa ɗaya ta ce mini in na sake kiran ɗanta haka hirar ta ƙare. Na koma tambayar kowace, "Ke me kike ce wa abin?" Ɗaya ta ce lalura, ɗaya ta ce jarrabawa, ɗaya ta ce halinsa.

Duk su shida wurin malam suka fara zuwa, kamar ni. Ban rubuta wannan a matsayin jahilci ba, kuma na kare matsayina a gaban mai duba ni. Addu'a da tofi ba su hana kowa zuwa asibiti ba, su ne ma suka riƙe matan nan. Abin da na yi wa tsaye shi ne hayaƙin da ke shaƙe yaro, da dukan fitar da aljani, da masu sayar da garin magani na dubban nairori da alkawarin zai yi magana cikin kwana arba'in. Na kuma rubuta babi a kan yayye mata, don a gida huɗu cikin shida wata Ummi ce take ɗauke da rabin renon, ɗaya har an cire ta daga makaranta. Da na gama babin na mayar da tawa Ummin islamiyyar yamma da ta daina zuwa saboda ƙanenta, muka ɗauki mai taya ni.

Takardar digirin ta iso a ƙarshen 2025 cikin ambulan mai kwali. Hajiya ta juya ta ta ce, "To yanzu ke likitarsu ce?" Na ce a'a, Hajiya. Wannan karatun bai ba ni ikon cewa yaro yana da otizim ko ba shi da shi ba, wannan aikin likitan yara ne da likitan ƙwaƙwalwa. Bai kuma ba ni magani ba, don babu shi. Ta ce, "To me kika sayar da fili kika sayo?" Kafin in amsa aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙe da kanta ta ɗauko hoton injin.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar mata suna zuwa zaurenmu, wani lokaci biyar, wani lokaci tara. Kowace sabuwa tambayarta ta farko ita ce yaushe zai warke. Nakan faɗa mata gaskiya, in rubuta mata asibitin da za ta je, sannan in ba ta littafi mai shafi arba'in da layi uku. Makon jiya wata daga Rijiyar Lemo ta dawo da nata tana ɓoye shi a mayafi, wai ba ta iya boko ba, ta cike shi da ajami. Muka zauna ta karanta mini. A layin farko, sau biyar cikin kwana bakwai, ta rubuta cewa an sa masa rigar makaranta mai sitati. Na ce gobe ta wanke rigar ba sitati, ta yanke lakabin da ke wuyan, ta ci gaba da rubutawa mu gani.